Famfon tuƙa-tuƙa na ƙauyenmu ya tsaya: gyaran na ƙaramar hukuma ne ko namu?

Sakataren Matasa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ruwa, da waɗanda suka san yadda takarda ke tafiya a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ƙauyenmu gidaje ne wajen 80, famfon tuƙa-tuƙa ɗaya gare mu, sai tsohuwar rijiya da ke ja baya da zarar bazara ta shigo. Tun bayan kaka famfon ya fara wasa. Da safe sai an daɗe ana bugawa kafin ruwa ya zo, in ya zo kuma ja ne, sai an zubar da bokitin farko. Yanzu ya ɗauke ɗungurungum, hannun ya faɗi ƙasa, ba ya komawa sama, in an taɓa shi babu nauyi ko kaɗan.

An gaya wa kansila baki da baki, ya ce zai duba. Gari ya rabu biyu: wasu sun ce a yi karo-karo a kira mai gyara, wasu sun ce aikin gwamnati ne, in muka gyara yau mun ɗauke musu nauyin har abada. Me ya lalace a cikinsa? Gyaran a wuyan wa yake? In takarda za a rubuta, wa za a rubuta wa, kuma ta ina za ta bi kada ta kwana a durowa?

Makanikin Famfo:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, abin da ka lissafa cuta uku ce, kuma jere suke zuwa, ɗaya na jawo ɗaya.

Ka fara gano irin famfon. Iri biyu ne suka cika ƙauyukanmu, dangin India Mark da Afridev. Kwance murfin kan famfon ka leƙa. In ka ga sarƙa ce ta haɗa hannu da rodi, India Mark ne. In babu sarƙa, rodin yana rataye a wani ƙarfe mai boris na roba, hannun kuma ana iya ƙara masa tsawo, Afridev ne. Jan ruwan nan da faɗuwar hannun sun sa na fi zaton India Mark II, domin shi ne ke zuwa da bututun ƙarfe mai rufin zinki da ake kira GI, kuma nauyin rodi ne ke mayar da hannunsa sama.

Daɗewar bugu da safe yoyo ne. Ruwan da ya kamata ya kwana a cikin bututu ya zurare ya koma ƙasa, ko ta bawul ɗin gindin silinda (gwangwanin da ke ƙarshen bututu a cikin ruwa, inda fistin ke turo ruwa sama) da robarsa ta cinye, ko ta hujin da tsatsa ta yi a bututu, galibi a wajen zaren da ake ɗaurawa. Ga gwajin, don gaba: a buga har ruwa ya zo, a bar famfon minti 30, a dawo a ƙirga. In ya wuce bugu biyar kafin ruwa ya fito, akwai yoyo. Gwaji na biyu: cikakken bugu 40 a cikin minti ɗaya ya kamata ya ba da kusan lita 15, wato ya ɗara rabin jarkar lita 25. In bai kai lita 10 ba, robobin fistin sun gaji. Wannan gwajin yaro mai agogo ma zai iya yi duk wata, kuma shi ne ke hana a kai inda kuka kai.

Jan ruwa kuma sai a bambance. In da safe ja ne, bayan an ɗebi bokiti uku huɗu ya washe, tsatsar bututu ce. In yana fitowa garau, sai ya zauna a bokiti ya rine, to sinadarin ƙarfe ne daga ƙasa, canza bututu ba zai magance shi ba. Naku na farko ne. Ruwan da ke da ɗan tsami, wanda awonsa na pH ya gaza 6.5, yana cin GI cikin 'yan shekaru, wani wurin ma kafin shekara biyu.

Hannun da ya yi sakayau yana nufin igiyar aiki ta tsinke a wani wuri. Ku fara da mai sauƙi: ku duba sarƙar, wataƙila ita ce ta katse ko notinta ya fita. In sarƙa lafiya, a kama rodin a ja sama. In ya taso babu wahala, ya kwance ko ya karye kusa da sama. In da sauran nauyi, can ƙasa ne. Mafi muni shi ne bututun kansa ya rube a zare ya saki, silinda da sauran bututu suka tafi ƙasan rijiyar burtsatsen da famfon ke kai. Wannan sai an yi kamun ƙugiya, kuma ba kullum ake dacewa ba.

Kada ku yarda matasa su yi ƙarfin hali su ce za su ciro kayan da kansu. Kowane bututu mita 3 ne, faɗinsa inci ɗaya da kwata, rodin cikinsa milimita 12. In silinda tana mita 30, bututu 10 ne da rodi 10, nauyin ya haura kilo 120 ko babu ruwa a ciki. Ana buƙatar mutum huɗu ko biyar, da maƙalar da ke riƙe bututu a bakin famfo, da sifanun ɗagawa, da sifanun bututu guda biyu. Rijiyoyi da yawa ba lalacewa ce ta kashe su ba, suɓucewar bututu ce ranar gyara.

Ranar da mai gyara ya zo, mutum biyu daga cikinku su tsaya a kansa da littafi. A ƙirga bututun da aka ciro, a jera su a kan katako, kada a zube su a ƙasa inda dabbobi ke bi. Kafin a mayar, a zura igiya mai nauyi a baki a auna abu biyu: inda ruwa ya fara, da zurfin rijiyar gaba ɗaya. A rubuta su da kwanan wata. Dalilin ƙirgar shi ne wata tsohuwar dabara: a ciro bututu 10, a jefar da biyun da suka rube, a mayar da takwas, a karɓi kuɗin sababbi. Famfo zai yi aiki lafiya lau har watan Maris ko Afrilu, ruwan ƙasa ya sauka ƙasa da silinda, ya ɗauke, a ce rijiya ta ƙafe alhali ba ta ƙafe ba. Duk abin da aka ce an canza, a ba ku tsohon a hannu.

In tsatsa ta ci fiye da rabin bututun, ra'ayina kada a sake zuba GI, asarar kuɗi ce. A nemi bututun ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 304, ko bututun roba mai kauri da aka yi domin famfo. Amma kada a gauraya GI da marar tsatsa a layi ɗaya, wajen haɗin ne zai fi saurin ruɓewa.

Bayan an gama a wanke rijiyar da kilorin, domin hannu da ƙasa sun taɓa kayan. Rijiya mai kesin inci 5, wato babban bututun da ya tokare bangonta, tana ɗaukar wajen lita 12 a kowace mita. In tsayin ruwan mita 30 ne, wajen lita 360 ke nan, garin kilorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 giram 30 ya isa, kusan cokalin cin abinci biyu. A narkar a bokiti, a zuba, a buga har a ji warin a bakin famfo, a rufe ya kwana, da safe a yi ta bugawa ana zubarwa har warin ya tafi.

In kuma kun leƙa kun ga Afridev ne, kun huta. Fistin da bawul ɗinsa suna fitowa ta cikin bututun ba tare da an ciro bututun ba, mutum biyu da sifana ɗaya da ƙugiyar kamo bawul sun isa.

Tsohon Akawu:

Malam Makaniki ya gama da ƙarfe, bari in taɓa takarda.

Ɗana, ɓangarorin garinku biyu kowa na da rabin gaskiya. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, hanyoyin cikin gari da magudanai, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a ilimin firamare da lafiya da noma. Ruwan sha bai fito da sunansa a jerin ba. Inda aka raba nauyin shi ne manufar ruwa da tsafta ta ƙasa ta shekarar 2000. A wajen haƙa sabuwar rijiya a karkara ta ce tarayya kashi 50, jiha 25, ƙaramar hukuma 20, al'umma 5. A wajen kula da gyara kuwa lissafin ya juya: al'umma kashi 70, ƙaramar hukuma 20, jiha 10. Saboda haka roba, sarƙa, boris, rodi ɗaya ko biyu, naku ne, babu wanda zai buɗe muku fayil a kansu. Canza bututu gaba ɗaya, kamo abin da ya faɗa, wanke rijiya da kwamfireso, haƙa sabuwa, waɗannan ne ake kai wa hukuma, kuma da hujja ake kai su.

Kafin ka ɗauki biro, je ka karanta allon aikin ko rubutun da ke jikin dakalin simintin. Wa ya haƙa, wace shekara? Rijiyar da hukumar ruwan karkara ta jiha, RUWASSA, ta haƙa daban, wadda ƙaramar hukuma ta haƙa daban, ta ɗan majalisa ko ta wani bawan Allah daban. Kowace da ƙofar da ake ƙwanƙwasa mata.

Maganar baki da kansila ba ta shiga ko'ina. Kuma a yi masa adalci, kansila ba ya riƙe da kuɗi, ba ya sa hannu a takardar biya. Ƙarfinsa yana zauren majalisa: ya gabatar da buƙatar mazaɓarsa, ya matsa a sa ta a kasafi, ya bi bayan fayil. Ku ba shi takarda ne ya samu abin riƙewa.

Takardar shafi ɗaya ta isa. A rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, ta hannun kansilan mazaɓa. A sa sunan ƙauye da mazaɓa da gundumar hakimi, yawan gidaje, irin famfon, wanda ya haƙa da shekarar, ranar da ya tsaya, abin da mai gyara ya gano, da inda mutane ke shan ruwa yanzu. A faɗi abu guda da ake so a yi, ƙarara: a turo ma'aikaci ya duba, a canza bututu kaza. "A taimaka mana da ruwa" ba buƙata ba ce da akawu zai iya yi wa lissafi. Sai a faɗi abin da gari ya ɗauka, misali kuɗin aikin makaniki da leburori da yashi. Takardar da ta nuna al'umma ta sa nata ta fi saurin motsi, domin kuɗin da ake nema ya ragu kuma an ga akwai masu kula. Mai unguwa da dagaci su sa hannu da hatimi, shugaban kwamitin ruwa ya sa, a liƙa hoton famfon da na rijiyar da ake sha.

A yi kwafi aƙalla biyar. Na asali a kai ofishin rajista na sakatariya, kada a miƙa wa ciyaman a wajen ɗaurin aure ko a bakin mota. A tsaya sai an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinku. Sauran a kai wa shugaban sashen ruwa da tsafta, in babu shi a kai sashen ayyuka, ɗaya ofishin hakimi, ɗaya RUWASSA a babban birnin jiha.

Tafiyar fayil kuwa haka take: ciyaman ya yi rubutu a kai ya tura wa shugaban ma'aikata, shi ya tura wa shugaban sashe, a turo ma'aikaci ya duba ya kawo kiyasin kuɗi, kiyasin ya je kwamitin kuɗi a amince, sannan ma'aji ya shirya biya. Wuri biyu fayil ke mutuwa. Na farko zuwa dubawa, domin sau da yawa ma'aikacin ba shi da abin hawa ko mai. Maganinsa ku sa rana da shi, ku aiko babur ya ɗauko shi. Na biyu a ce babu gurbi a kasafi. Shekarar kuɗi daga Janairu zuwa Disamba take, ana haɗa kasafin shekara mai zuwa a watannin ƙarshe. Babban aiki irin sabuwar rijiya in bai shiga hannun kansila da sashen tsare-tsare ba tun Agusta ko Satumba, sai wata shekarar. Gyara kuma ana iya fitar da shi daga gurbin kula da kayan ruwa in akwai saura, sai a tambayi shugaban sashe ko akwai wannan gurbin a kasafin bana.

Mutum ɗaya a ba wa bibiyar fayil, ya riƙa leƙawa duk mako biyu da kwafin a hannu, yana tambayar teburin da fayil yake. Tawagar mutum ashirin ta yi kyau a hoto, amma mai naci ɗaya ya fi ta aiki.

Hajiyar Kwamiti:

Sannunku da ƙoƙari. Alhaji, duk abin da ka faɗa daidai ne, sai dai fayil ba ya kashe ƙishirwa, kuma ko an gyara musu kyauta, baɗi war haka za su dawo nan da tambayar nan in babu asusu.

Sakatare, yi lissafi. Gidaje 80, in kowane gida mutum takwas ne, mutum 640 ke nan. Ƙa'idar da ma'aikatan agaji ke bi ita ce famfon hannu ɗaya kada ya wuce mutum 500. Naku yana aikin da ya fi ƙarfinsa, daga asuba har isha, robobinsa ba za su kai shekara ba. Sai ku san cewa gyara a wajenku abin kowace shekara ne, a tanade shi kamar yadda ake tanadin taki.

A kafa kwamitin ruwa, wanda ma'aikata ke kira WASHCOM, mutum bakwai ko tara, kada ya zama 'yan gida ɗaya ko 'yan jam'iyya ɗaya. A sa mata a ciki da gaske. Ko a garin da yara da 'yan ga-ruwa ke ɗebowa, matar gida ce ke fara ganin ruwa ya canza launi a randa, kuma ita ce ke iya shiga gida gida karɓar kuɗi inda namiji ba zai shiga ba. A yi wa kwamitin rajista a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, takardar rajistar ce za ta buɗe muku asusu a banki, kuma ita ce ke sa a ɗauke ku da daraja a sakatariya. Masu sa hannu uku, dole biyu su sa kafin kuɗi ya fita, kuma mai karɓar kuɗi kada ya zama shi ne mai rubuta littafi.

Karɓar kuɗi a bakin famfo kowace jarka tana kawo rigima, kuma tana kora marasa hali zuwa kududdufi. Na wata-wata a kan gida ya fi zaman lafiya. Misali naira 500 a gida 80 naira 40,000 ce a wata, ku daidaita da ƙarfin garinku da farashin kayan gyara a kasuwar da ke kusa. Inda kuɗi ke wuya a hannu da damina, a karɓa da kaka: tiya kaza ta gero ko dawa a kowane gida, a ajiye a sayar in farashi ya tashi. Gwauraye tsofaffi da gidajen marayu a yafe musu a bainar jama'a, a rubuta sunayensu, kada ya zama alfarmar ɓoye. 'Yan ga-ruwa masu kura sana'a suke yi da famfon, su biya nasu daban. Makiyaya kuma a zauna da arɗo tun kafin rani a yi yarjejeniya, a gina kwamin shayarwa nesa da dakali, domin kofato ne ke fasa siminti, ƙazantar sama ta bi tsagar ta koma rijiya.

Da yadda naira ke zubewa, ban ga amfanin tara kuɗi da yawa a asusu ba. Da sun taru a sayi robobin silinda, sarƙa, boris, rodi biyu, man giris, a ajiye a inuwa, domin roba in rana ta dafa ta tun a ajiye take tsagewa. A naɗa mai kula ɗaya: duk mako ya ɗaure notuna, duk wata ya wanke sarƙa ya shafa mata giris, ya hana yara lilo da hannun famfo da buga shi har ya daki ƙarfe. Duk wata uku a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar mai unguwa. Kwamitocin da ke rushewa ba sata ce ke fara rusa su ba, zargi ne, shi kuwa zargi rashin karanta lissafi ke haifar da shi.

Kafin a gyara, ruwan tsohuwar rijiyar nan a tafasa na sha, ko a sa ƙwayar kilorin yadda aka rubuta a jikin takardarta a jira minti 30. Ku sanar da ma'aikacin lafiya na asibitin mazaɓarku cewa gari ya koma rijiya, shi ma rahotonsa yana ƙara wa takardarku nauyi.

Mai Bin Diddigi:

Baba Akawu, da girmamawa, kashi 70 ɗin nan manufa ce, ba doka ba ce, kuma bai kamata ta zama mafakar ciyamomi ba. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari na kuɗin asusun tarayya da ake rabawa duk wata. Shekara da shekaru uzurin shi ne kuɗin yana maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha, wanda sashe na 162 ya tanada. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma ta ce shugabannin riƙo ba su da hurumin karɓar kuɗin. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, gaskiya ne, kuma albashin malaman firamare da ma'aikata yana cinye kaso mai yawa. Amma canjin bututun famfo ɗaya ba shi ne zai karya baitulmalin kowace ƙaramar hukuma ba.

Abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu ana wallafa shi, hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana fitar da rahoton rabon a intanet. Sakatare ya nemo na tasu ya riƙe. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ofis kwana bakwai ya amsa buƙatar bayani a rubuce, sai ku nemi kwafin kasafin bana ku ga abin da aka ware wa ruwa. In an yi watanni babu amsa, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana da ofis a kowace jiha kuma ba a biyan ko kwabo, ga kuma ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha. A nan ne kwafin nan mai hatimi zai yi rana.

Ban ce ku zauna da ƙishirwa don ku nuna fushi ba. Ku gyara abin da za ku iya, ku ajiye rasit, ku haɗa kwafinsa da takardar tuni, kada ku janye buƙatar babban gyaran.

Sakataren Matasa:

Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. An leƙa, akwai sarƙa kuma lafiyarta ƙalau, rodin ya taso da sauƙi. Allon ya nuna aikin mazaɓa ne na wani ɗan majalisar tarayya da ya riga ya sauka, ta hannun wata hukumar raya kogi. Sannan wasu sun kawo shawarar tunda za a rubuta takarda, a nemi a cire famfon a mayar da rijiyar mai sola da tanki. Ya kuka gani?

Makanikin Famfo:

Madalla, rodi ne ya saki a sama, wannan aikin yini ɗaya ne. Amma tunda za a buɗe, a ciro duka a duba bututu da silinda, kada a ɗaura rodi kawai a rufe, yoyon da tsatsar suna nan.

Maganar sola, a yi hattara. Famfon hannu lita 900 yake ja a awa in ana bugawa ba tsayawa. Mutum 640 a lita 20 kowanne lita 12,800 ne a yini, kuma rana mai ƙarfin tura sumo, wato injin da ake zurawa cikin rijiya ya turo ruwa, awa shida ce ko kusa da haka, wato rijiyar ta riƙa ba da fiye da lita 2,000 a awa. A ƙasar da ke kan dutse, irin yawancin Kano da Kaduna da Zamfara da kudancin Katsina, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagogi ne, rijiya da yawa tana iya ciyar da famfon hannu amma ba ta iya wannan. Yankin yashi na gabashin Jigawa da Yobe da Borno lamarin ya fi sauƙi. In aka sa sumo ya fi ƙarfin rijiya, zai zuƙe ruwan, ya yi ta juyi a bushe, ya ƙone, ko ya jawo yashi ya cinye kansa. Shi ya sa ba a yanke wannan shawara sai an yi gwajin ja: a sa injin ya yi awanni yana zuƙa, ana auna yadda ruwa ke sauka da yadda yake dawowa, kuma da bazara ake so a yi shi. A auna faɗin kesin ma, in inci 4 ne sai siririn sumo na inci 3.

Sannan kuɗin gyaran sola ba sa'an na tuƙa-tuƙa ba ne. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti sai ana wankewa, akwatin sarrafa wuta yana ƙonewa in babu wayar ƙasa ta tsawa, ɓarayi suna kwance faranti in ba a yi walda da shinge ba, kawunan famfo suna karyewa duk wata. Garin da ya cire famfonsa ɗaya tilo ya sa sola, ranar da sumo ya mutu ba shi da komai. Ku bar wannan a tuƙa-tuƙa, ku nemi sabuwar rijiya ta biyu, ita a yi mata awon ƙasa kafin haƙa, a nisanta ta da masai aƙalla mita 30, in ta ba da ruwa sosai a sa mata sola.

Tsohon Akawu:

To ka ga amfanin karanta allo. Aikin mazaɓa sau da yawa ana gamawa a tafi ba a miƙa wa kowa ba, sai ka tarar rijiyar ba ta cikin rajistar sashen ruwa, shi ya sa in an je sai a ce "ba tamu ba ce". A sakin layi na farko na takardarku ku roƙi a shigar da ita rajistar rijiyoyin ƙaramar hukuma da ta RUWASSA, ku ba da zurfi da yawan bututun da za a auna ranar gyara. Ɗan kwangila ya daɗe da fita daga alhaki, kada ku ɓata lokaci a kansa.

Takarda biyu za ku yi, kada ku haɗa su. Ta gyara ta tafi yanzu da kiyasin makaniki. Ta sabuwar rijiya ta tafi da lissafin Hajiya na mutum 640, a ba kansila kafin Agusta, kwafi kuma ya je ofishin mazaɓa na ɗan majalisar tarayya mai ci da na ɗan majalisar jiha, domin su ma a wannan lokacin suke tattara ayyukan da za su sa a kasafi.